Injin Sanyin Ɗakin Baba Hamidu

A Nyala na fara gane cewa na yi nisa da gida. Kafin nan, duk motar da muka shiga ba a rasa wanda zai ce maka sannu da Hausa. Amma a tashar jirgin ƙasa ta Nyala na tambayi wani mutum inda ake samun ruwan sha, ya dube ni sama da ƙasa, ya faɗi wata kalma da ban gane ba, ya wuce abinsa.

Wani Alhaji Tanko ne ya kwaso mu daga Kano, a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, da alkawarin zai ƙetare da mu Jidda ta Bur Sudan ya sama wa kowa aiki. Ni mutumin Gwadabawa ne, amma a Sabon Garin Kano na koyi gyaran firji da injin sanyaya ɗaki, irin wanda ake cusawa a taga. Kayana gaba ɗaya ba su cika jaka ba: riguna biyu, filaya, sukundireba, da wata tsohuwar mitar gwada wuta da maigidana ya ba ni, wadda sai ka ɗan ƙwanƙwasa ta allurarta take motsi.

A saman tarago muka yi yawancin tafiyar zuwa Kosti, domin ciki ba wurin sa ƙafa. Rana ta gasa mu, ƙarfen da muke zaune a kai ya gasa mu. Daga Kosti muka bi ta Sinnar zuwa Madani. A can Alhaji Tanko ya sauke mu a wani masauki na bayan kasuwa, ya karɓi fasfo ɗinmu duka, ya ce zai kai Khartum a buga hatimi, jibi war haka yana nan. Ya yi mana addu'a mai tsawo kafin ya fita. Har yau ban sake ganinsa ba.

Da mai masauki ya gaji da mu ya fito mana da kayanmu waje. Abokan tafiyata kowa ya kama gabansa. Wasu suka nufi Khartum neman Alhajin, ɗaya ya ce zai taka da ƙafa har bakin teku. Ni ina tsoron 'yan sanda, tunda ba ni da takarda ko ɗaya da ke nuna ko ni wane ne. Wani mai sayar da goro ya ce mini in tafi ƙauyukan Hasahisa, lokacin tsinkar auduga ne, ba mai tambayar takarda a gona, kuma mutanenmu ne fal a can.

Mutanenmu ne, gaskiya. Na sauka a wani ƙauye a bakin babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, na ji mata suna kiran 'ya'yansu da Hausa, har ƙwalla ta zo mini. Amma ban daɗe ba na ga Hausar tasu ba ta ɗauke ni gaba ɗaya. Mutum zai faro maka magana da Hausa, kana bi kana jin daɗi, sai a tsakiya ya zame cikin Larabci, a yi dariya a gama, kai kana tsaye kana murmushin da ba ka san dalilinsa ba. Gona hawasha ce a bakinsu, kuɗi gurush, wuta kahraba. Samarin kuwa in na yi magana sai su ce in sake, wai Hausata irin ta rediyo ce. Ba wanda ya wulaƙanta ni. An ba ni wurin kwana a rumfar kara tare da sauran 'yan ƙwadago, ana kiran mu cin kisra, wata irin waina mai faɗi da tsami da suke ci da miyar kuɓewa. Sai dai kowa yana da wanda zai koma wa in an tashi daga gona. Ni sai in je bakin ruwa in zauna, in buɗe jakata in goge filaya da ba ta yi aikin komai ba.

Zazzaɓi ya kwantar da ni ana tsakiyar tsinka. Matar mai gonar, Inna Kaltume, ita ta riƙa aiko mini da kunu da jiƙon tsamiya. Wata rana ta zo da kanta, ta tsaya daga bakin rumfa, ta tambaye ni ko uwata tana da rai. Na ce tana nan. Ta ce to in sha kunun nan saboda ita. Iyakar maganar da muka taɓa yi ke nan, amma har yanzu in na ji ƙamshin kunun tsamiya ita nake tunawa.

Da auduga ta ƙare, aiki ya ƙare, zafi kuma ya shigo. Na riƙa shiga Hasahisa ina bin kantuna ina nuna kayan aikina. Wani mai kanti ya bar ni na taɓa firjinsa mai aiki da kananzir, Allah ya taimake ni ya yi sanyi. A nan wani direban lori da ke shan lemo ya ce, in dai na san injin sanyi, akwai wani gida a Sinja da suke neman mai gyara ido rufe. Ya ce dattijon gidan ba shi da lafiya, zafi yana neman kashe shi, injin ɗakinsa kuma ya tsaya. A kan buhunan siminti na hau har Sinja.

Gidan yana kusa da kasuwa, ginin jan bulo, da tsakar gida mai faɗi da rumfa a tsakiya, wadda su suke kira rakuba. Wanda ya tarbe ni shi ne Usman, autan dattijon, ma'aikaci a wani ofishin gwamnati. Zai girme ni da kaɗan. Ya gaishe ni da Larabci, da ya ga ina lalube sai ya juya zuwa wata Hausa guntu-guntu, yana yi yana neman kalma a sama. Ya ce mahaifinsa, Baba Hamidu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun damina. Wan Usman da ke aiki a Jidda ne ya aiko da injin, mukayyif in ji su, wani ma'aikaci daga Khartum ya zo ya kafa. Injin ya yi aiki lafiya har zafi ya tsananta, sannan ya fara tsayawa yana tashi, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Likita ya ce in aka bar dattijon yana jiƙewa da gumi a kwance, bayansa da ya fara salewa zai zama gyambo, kuma gyambon kwanciya a irin shekarunsa ba ya barin mutum.

Da ya kai ni wurin injin sai gabana ya faɗi, don ban taɓa ganin irinsa ba. Wanda na sani dunƙule yake guda ɗaya. Wannan an raba shi biyu: rabi yana cikin ɗaki yana hura iska, rabi yana waje a bayan ɗakin, bututun jan ƙarfe biyu sun ratsa bango sun haɗa su. Na ciki yana aiki, fankarsa tana juyawa, amma iskar zafi take turowa. Na waje ne ya mutu. Na tsuguna a gabansa na daɗe ina kallo, Usman yana tsaye a kaina. Na ce a raina, firji ne aka fito da hanjinsa waje, ba wani abu ba. Sannan na ce masa zan gwada.

Na fara da abin da maigidana ya koya mini, wato kada ka zargi babban abu kafin ka duba ƙarami. Na duba fis, lafiya lau. Na bi waya daga ɗaki zuwa waje, ba inda ɓera ya ci. Na kashe wuta na kwance murfin. Raga-ragar da iska ke bi ta toshe da ƙura da gashin tantabaru, domin an kafa injin a gindin ɗakin tantabarun gidan. Na wanke ta da ruwa a hankali har haske ya riƙa ratsawa. Da na mayar da wuta sai na ji kwamfaresa, wato zuciyar injin, tana gurnani can ƙasa-ƙasa, tana son tashi ta kasa, sannan wani abu ya yi ƙas, ta yi shiru. Na sake kashewa na leƙa. Akwai wani ɗan gwangwani da muke kira kwandansa, shi ke ba injin ƙarfin tashi. Na tarar da shi ya kumbura, mai yana tsatsa daga bakinsa. Na ji sanyi a raina. Na ce wa Usman na gano ciwon.

Ba a samun irinsa a Sinja. Usman ya aika wa wani abokinsa a Madani, aka ce sai an nema. Kafin kwandansar ta iso aka ba ni angarib, gadon igiya, a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar gida. Matar Usman, Nafisa, Balarabiya ce daga wajen Kamlin, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ita ke ɗawainiyar dattijon, ta jiƙa zane ta rataya a taga, ta yi masa fifita har hannunta ya gaji. Takan ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi. Usman yana ofis tun safe. Haka nake wuni ba wanda na ce wa uffan, ina jin kasuwa tana ci ta bayan katanga da harshen da ba nawa ba.

Ranar da kwandansa ta iso na ɗaura ta, injin ya tashi nan take. Na shiga ɗakin dattijon don in ji iskar, wannan ne karon farko da na gan shi sosai. Dogon mutum ne da ciwo ya tsotse, farin gemu, ido ɗaya a ɗan lumshe. Iska mai sanyi ta fara sauka a kansa. Nafisa ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ni kuma ban san lokacin da na ce, da Hausa, ni kaɗai, “Alhamdu lillahi, yau dai a huta.”

Sai na ga kan dattijon ya juyo. Ya kafe ni da idonsa mai lafiya, bakinsa yana rawa. Maganar ta fito da nauyi, harshen yana ja, amma na ji ta sarai.

“Yaro, daga ina kah hito?”

Rabona da jin irin wannan tsohuwar Hausar tun kakana yana raye. Na durƙusa a gaban gadon na ce, “Daga Gwadabawa, Baba.”

Ya rufe ido. Hawaye ya bi ta gefen da bai shanye ba ya shiga kunnensa. Nafisa ta tsaya da mafici a hannu tana duban mu.

Da Usman ya dawo ya ba ni labarin. Baba Hamidu yana ƙaramin yaro iyayensa suka yi hijira da shi zuwa gabas, lokacin da Turawa suka ci ƙasarmu. A bakin kogin da ya bi ta Sinja ya girma, ya yi fataucin riɗi da ƙaro, Larabcinsa ba mai bambanta shi da na 'yan ƙasa. Da Larabci ya rene su a gida, don kada a riƙa nuna su da baki a makaranta ana cewa baƙi ne. Usman bai faɗi wannan da ƙorafi ba, ya ce haka zamanin ya kama. To da ciwon ya buge shi, sai Larabcin ya tafi gaba ɗaya, in ban da salla da karatun Alƙur'ani. Abin da ya rage a bakinsa Hausar ƙuruciyarsa ce, ga nauyin harshe a kai. Usman yana tsintar kalma ɗaya a cikin goma. Sun ɗauko wasu dattawan Hausawa daga ƙauye, sun zo sun gaishe shi sun koma gonakinsu. Sauran lokaci, in ya yi magana, sai a ba shi ruwa ko a gyara masa matashi.

Murnarmu da injin ba ta kai ko'ina ba. Washegari da hantsi, ina shirin ɗaure jakata, na ji gurnanin nan ya dawo, sannan ƙas, sannan shiru. Na bar shi ya huce na tayar, ya tashi. Bayan azahar ya sake tsayawa. Na taɓa kwamfaresa, zafi kamar dutsen guga. Sabuwar kwandansar ma ta ɗauki ɗumi. Na gane in aka ci gaba a haka ita ma za ta bi ta farkon, ko kuma kwamfaresar kanta ta ƙone, kuma in ta ƙone ba mai samo wata a ƙasar nan kafin damina.

Na yi kwanaki ina fama. Na ce ko gas ne ya yi yawa, ko ya ragu, na shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu ban ga yoyo ba. Na ce ko rana ce ke dukansa, na kafa masa inuwa da tabarma. Na sake ɗaure kowace waya. In na sa mitata da sassafe, wuta daidai take. Injin zai yi ta aiki kamar ba abin da ke damunsa, sai na juya baya ya tsaya. Na ji Usman yana tambayar wani maƙwabci yadda za a yi a sake ɗauko mutumin Khartum. Ban ga laifinsa ba, uba ne da shi a kwance. Ni kuwa na san in na fita daga gidan nan ba ni da inda zan nufa, ba gona, ba takarda, ba wanda ya san sunana.

A kwanakin nan, duk lokacin da nake jiran inji ya huce, ɗakin Baba Hamidu nake shiga. Da farko tambayoyi ya riƙa yi mini. Ko har yanzu gulbi yana cika ya shanye fadama. Ko ana yin hoce. Ko mata suna daka da waƙa. Ya ce sunan ƙauyensu Tungar Marke, a wajen Rima, bai san ko yana nan ba. Abin da yake tunawa kaɗan ne: wata rijiya mai bakin itace, da wata akuya ja da aka hana shi tahowa da ita, da bayan uwarsa. Uwar a hanya ta rasu, ya ce bai san ƙasar da aka binne ta ba. Magana tana yi masa wuya, yakan tsaya a tsakiyar kalma ya huta, ni kuma ba inda za ni, sai in jira. Ni ma na ba shi labarin Alhaji Tanko, wanda ban iya ba kowa da cikakken baki ba tun Madani. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina.

Ta bakina mutanen gidan suka fara jin abin da yake so. Ashe shayin da ake ba shi sukari ya yi masa yawa. Ashe ƙafarsa ta hagu ce ke masa ciwo, ba wadda ake ta shafa wa mai ba. Ni in faɗa wa Usman da Hausa mai sauƙi, shi ya juya wa Nafisa da Larabci. Ranar da ta ji maganar ƙafar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Dattijon ya ce in gaya mata ba ta da laifi, ɗiyar kirki ce, ya ga duk abin da take yi.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi injin ya sake tsayawa. Na dafe kai. Na ce, “Baba, wannan abu ya fi ƙarfina.”

Ya ɗaga yatsa ya nuna bango, ya ce in saurara. Daga bayan katanga ana jin ƙarar injin niƙa na maƙwabci.

“Ba shi da laihi,” in ji shi. “In wancan yat tashi, wanga shi yi nishi shi mutu. Kullum ina ji. Na hwaɗa musu tun tuni.”

Na tashi tsaye. Ƙarar injin niƙan nan ina jin ta tun ranar da na zo, kunnena ya saba har na daina lura da ita. Shi kuwa da yake kwance wuni guda ba abin da yake yi sai sauraro, ya san wanne ke bin wanne. Na ɗauki mita na je na zauna a gindin injin sanyin har bayan azahar, lokacin da mata ke kawo niƙan yamma. Mai niƙa yana tayar da injinsa, allurar mitata ta faɗi ƙasa warwas. Kwamfaresa ta shaƙe, ta yi gurnani, ta yanke. Gidan da injin niƙan waya ɗaya suke sha daga falwaya. In babban ya ja wuta, abin da ke isowa gare mu ba ya isa ya juya kwamfaresa, sai ta tsaya tana cin zafi. Abin da ya kashe kwandansar farko ke nan. Ni kuma duk gwajin da nake yi da sassafe nake yi, kafin a fara niƙa.

Da yamma na yi wa Usman bayani, na ce mahaifinsa ne ya gano, ba ni ba. Ya shiga ɗakin ya tsuguna, ya kama hannun uban ya daɗe bai saki ba. Ya ce, “Yaba,” wato baba a Larabcinsu, sannan ya nemi wata kalmar Hausa bai samu ba.

Maganin na gaskiya shi ne a mayar da gidan kan wani layin wuta dabam, wannan kuwa sai ma'aikatan lantarki, su kuma ba sa sauri. Kafin su zo muka je wurin mai niƙan. Mutum ne mai fara'a, da ya ji batun dattijo ne ya ce ai Baba Hamidu ya taɓa yi wa mahaifinsa alheri. Aka shirya cewa duk lokacin da zai tayar da inji zai bugi katanga da guduma, Nafisa ta kashe namu, in nasa ya daidaita a ɗan jira sannan a kunna. In niƙan ya yi yawa wutar ta ƙi tsayawa, a haƙura. Na nuna mata maɓallin, na nuna mata da hannu cewa in an kashe kada a kunna nan take, sai ya huta. Ta gane tun kafin Usman ya fassara.

A waɗannan sa'o'in da inji ke kashe ne dattijon ya ce a fitar da shi rakuba. Ya ce sanyi da daɗi, amma tun da aka kawo injin aka rufe ƙofa da taga, ba ya ganin kowa, kamar an sa shi a rumbu. Ni da Usman muka riƙa ɗaukar gadonsa da safe da kuma la'asar sakaliya mu kai inuwa, inda zai ga masu shige da fice, ya ga tantabarunsa. Da tsakar rana a mayar da shi cikin sanyi. Bayansa ya bushe, fatar ta haɗe. Daga baya ma'aikatan suka zo suka sauya layin, bugun katanga ya ƙare, injin bai sake tsayawa ba.

Aikina ya ƙare, amma ba wanda ya ce in tafi. Usman ya haɗa ni da masu kantuna da wani mai sayar da ƙanƙara, na riƙa samun ɗan gyare-gyare. Na yi damina a gidan. Da yamma Usman yakan zauna kusa da mu yana sauraro, yana tambayata ma'anar kalmomi, har ya fara gane uban ba sai na shiga tsakani ba, in dai maganar ba ta yi tsawo ba. Shi ne kuma ya yi ta zirga-zirga zuwa Khartum har ya samo mini takarda daga ofishin jakadancinmu. Takardar ba ta zuwa Jidda ba ce, ta komawa gida ce kawai. Na riƙe ta na rasa ko murna zan yi. Na fito neman arziki, zan koma da filayar da na fito da ita.

Na ɓoye wa Baba Hamidu har ranar tafiya ta matso, ashe ya sani. Da na durƙusa yi masa sallama a rakuba, bai yi kuka ba, ni ne na yi. Ya sa mini albarka, ya ce in gai da uwata. Na miƙe na ɗauki jaka, sai ya kama gefen rigata.

“In ka isa gida,” ya ce, “ka ce musu mun iso.”

Ban tambaye shi su wa ba. Na ce to, Baba.

Hanyar komawa ta fi ta zuwa tsawo, don ni kaɗai ne. Na isa Gwadabawa bayan an gama girbi, na tarar da uwata da rai, ta rame, ta riga ta fid da rai da ni. Ban sake jin labarin gidan Sinja ba.

Sai da na huta na fara tambayar Tungar Marke. Da yawa ba su taɓa jin sunan ba. Wani mai jaki ya kwatanta mini, na hau keke na bi gefen fadama har na same ta, 'yan gidaje ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na tarar da wani tsoho a ƙofar masallaci yana tufka igiya. Na gaishe shi na zauna. Na ce na zo da saƙo daga gabas, daga wani Hamidu da aka tafi da shi yana yaro lokacin hijira. Ya yi tunani, ya ce bai san shi ba, shi bayan tafiyar aka haife shi. Amma ya ji iyayensa suna cewa rabin garin ne suka tashi a shekarar, ba wanda ya dawo, ba a kuma taɓa jin inda suka ƙare ba. Ya tambaye ni mene ne saƙon.

Na ce, “Ya ce a hwaɗa muku sun isa.”

Tsohon ya ajiye igiyar a cinyarsa. Ya ce, “Dukansu?”

Na ce ba duka ba.

Ya jinjina kai, ya daɗe yana duban hanyar da na biyo. Sannan ya ce, “To, waɗanda sunka isa, sannunsu da hanya.”